Me ake dubawa wajen yin sharhin littafin binciken 'yan sanda?

Mai Bita ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani ƙagaggen labari da nake son yi wa sharhi, irin wanda ake bin 'yan sanda sawu da ƙafa tun daga tsintar gawa har zuwa gurfanar da mai laifi. A wani birni na arewacin Ingila aka gina labarin, kuma a wannan zamanin. An tsinci gawar wata budurwa kwance rub da ciki a wani tsohon sito cikin hunturu. Likita ya duba ta nan take ya ce ta mutu tsakanin ƙarfe 11 da 11 da rabi na dare. Washegari da safe sakamakon gwajin DNA, wato ƙwayar halittar da ke bambanta mutum da mutum, ya fito. Sufeton da ke riƙe da binciken mashayi ne, matarsa ta rabu da shi, a tsakiyar littafi aka dakatar da shi daga aiki amma ya ci gaba shi kaɗai, har ya fasa gidan wanda yake zargi ya ɗauko wayar marigayiya. Daga nan aka tsare mutumin kwana biyar ana tsitsiye shi har ya amsa laifi. A bangon baya an cika yabo, wai labari ne mai ɗaci da bai ɓoye ƙazantar aikin ba.

Rubutun yana da daɗi, amma jikina yana ba ni cewa wasu abubuwa ba su zauna ba. Wane kuskure ne ya isa a ambata, wanne ne neman magana kawai? Kuma yaya ake maganar ƙarshen labari ba tare da an tona wa mai karatu asirin ba?

Na Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Jikinki bai yi miki ƙarya ba. Zan ɗauki ɓangaren gawa da gwaje-gwaje, na doka in bar wa masu shi.

Babu likitan da ya san aikinsa da zai tsaya a kan gawa ya yanke minti 30. Abu uku yake dubawa, kuma duk kirdado ne. Akwai zafin jiki. Mai rai yana kan digiri 37, bayan mutuwa zafin yakan ɗan tsaya cak na wani lokaci kafin ya soma sauka, kusan digiri ɗaya a awa. To amma wannan ya danganta da sanyin wurin, da ƙibar mamaci, da tufafin jikinsa, da ko a kan siminti yake kwance ko a kan katifa. Ko da jadawalin Henssge na kirdadon lokacin mutuwa daga zafin gawa, wanda shi aka fi amfani da shi, ratar da ake bari a yanayi mafi kyau ta kusa awa 3 gaba, awa 3 baya. Akwai kuma sandarewa. Takan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, sannan ta sake bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Sanyi yana jinkirta ta, zazzaɓi ko kokawa kafin mutuwa yana gaggauta ta. Sito a hunturun Ingila kuwa ya isa ya rikita duk wannan lissafin.

Na ukun shi ne wanda nake so ki koma littafin ki duba, wato kwanciyar jini. Da zarar zuciya ta tsaya, jini yakan gangara zuwa sashen jikin da ke ƙasa, fata ta yi shunayya-shunayya a wurin. Yana fara bayyana cikin minti 30 zuwa awa 2, kuma bayan awa 8 zuwa 12 yakan kafe, ko an juya gawar ba zai bi ba. Kin ce rub da ciki aka same ta. Idan tabon yana gadon baya, tare da fararen wurare a kafaɗa da ɗuwawu inda nauyin jiki ya danne ƙasa, to ta daɗe kwance rigingine a wani wuri kafin a kawo ta siton. Marubucin da ya yi bincike ba ya barin irin wannan ta wuce shi, domin da ita kaɗai tambayar ta sauya daga "wa ya shiga sito" zuwa "wa yake da mota da wurin ajiye gawa na rabin yini".

Abin da ke matse lokacin mutuwa a zahiri ba likita ba ne. Saƙon ƙarshe da ta aika a waya ne, da kyamarar shagon da ta ɗauke ta, da lokacin da ta biya kuɗin mota da kati. Shi ya sa a littafi mai kyau za ki ga likita yana ƙin yanke magana, jami'in bincike yana guna-guni.

DNA washegari ba abu ne da ba ya yiwuwa ba, idan samfuri ɗaya ne mai tsabta aka kuma sa masa gaggawa. Amma gaggawa kuɗi ce, sai wani babba ya sa hannu, kuma sauran kayan suna bin layi na makonni. Gwajin guba da ƙwayoyi shi ma makonni yake ɗauka. Abin da ya fi saurin fitowar sakamakon muhimmanci shi ne yadda marubucin ya ɗauki sakamakon. DNA yana faɗin na wane ne, ba ya faɗin yaushe ya zo wurin ko ta yaya. Mutum zai iya gaisawa da wani, wancan ya taɓa wuƙa, a sami ɓurɓushin na farkon a jikinta. A Jamus an shafe shekaru ana farautar wata mata da ake ta samun DNA ɗinta a wuraren laifuka iri-iri, har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn, sai a 2009 aka gano ma'aikaciyar kamfanin da ke haɗa audugar ɗaukar samfuri ce, tun daga masana'anta audugar ta gurɓata.

Ki kuma duba babin farko da idon basira. Wa ya killace wurin? Akwai mai rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa? Sufeton ya sa farar rigar kariya da safar hannu da takunkumi, ko haka ya kutsa da sigari a baki? Kowane abu da aka ɗauka leda ake sa shi a liƙe, da lamba, da sa hannun duk wanda ya karɓa. Idan sarkar nan ta tsinke a wuri ɗaya, lauyan wanda ake tuhuma ya sami abin yi.

Magatakarda ya rubuta:

Malama, kwana biyar ɗin nan shi ne babban rami a labarin, kuma lissafi ne mai sauƙi. A Ingila da Wales dokar da ke kula da tsarewa ita ce PACE ta 1984. Awa 24 ake ba 'yan sanda su tuhumi mutum ko su sake shi. A babban laifi Sufurtanda zai iya ƙarawa zuwa awa 36. Daga nan sai an je gaban majistare, shi ma iyakarsa awa 96 gaba ɗaya. Kwana biyar awa 120 ke nan. Shari'ar ta'addanci ce kaɗai ke da nata tsarin, inda ake iya kaiwa kwana 14. Scotland kuma dokarta daban ce, kada a haɗa.

Cikin waɗannan sa'o'in ma ba sakin wuya aka yi wa mai bincike ba. Akwai Saje mai kula da tsararru, wanda ba shi da hannu a binciken, shi yake rubuta komai: lokacin isowa, abinci, zuwan likita, zuwan lauya. Wani Sufeto yana bitar tsarewar kafin awa 6 ta cika, daga nan kuma duk awa 9. Dole a bar mutum ya huta awa 8 a jere cikin kowace awa 24. Lauya kyauta ne, kuma ana naɗar duk tambayoyin. Saboda haka hoton da aka saba gani, na jami'i yana dukan tebur da ƙarfe 3 na dare babu lauya babu na'ura, ba na Ingilar yau ba ne. Tun farkon shekarun 1990 aka koma horar da su a kan salon da ake bari mutum ya zuba bayaninsa tsaf, sannan a riƙa ɗora masa hujja ɗaya bayan ɗaya inda maganarsa ta ci karo. Sau da yawa ma lauya yakan ce masa ya yi shiru, ya riƙa amsa kowace tambaya da "ba ni da ta cewa". Tun dokar 1994 kotu tana iya yi wa irin wannan shirun fassara idan mutum ya zo daga baya da uzurin da bai faɗa ba tun farko.

Marubuta da yawa fina-finan Amurka suka sha, sai su kwaso abin can su zuba a nan. A Amurka kotun ƙoli ta amince a 1969 da amsa laifin da aka samu bayan ɗan sanda ya yi wa wanda ake zargi ƙaryar cewa abokinsa ya riga ya tona. A Ingila irin wannan yaudarar tana iya sa alƙali ya yi watsi da amsa laifin. Haka nan bindiga: mafi yawan 'yan sandan Ingila ba sa ɗaukarta, runduna ce ta musamman ake kira. Kuma a kisan kai ba Sufeto ne ke yanke shawarar tuhuma ba, ofishin masu gabatar da ƙara na CPS ne, wanda ya fara aiki a 1986. Sai sun gamsu hujjar za ta iya tsayawa a kotu.

Shi kuma fasa gida, bayan haramci ma wauta ce, domin hanya tana nan a buɗe. Majistare yana ba da takardar izinin bincike, kuma idan an riga an kama mutum a kan babban laifi, Sufeto zai iya ba da izini a rubuce a binciki gidansa a ƙarƙashin sashe na 18 na dokar PACE.

Mai Bita ta rubuta:

Na gode ƙwarai. Wato ke nan wayar da ya ɗauko ta tashi a banza, kotu ba za ta karɓe ta ba? Idan haka ne duk ƙarshen littafin ya rushe.

Magatakarda ya rubuta:

A nan ki yi hattara, kada ke ma ki faɗa ramin da marubucin ya faɗa. A Amurka ne ƙa'idar take da tsauri, tun hukuncin 1961 da ya hana kotunan jihohi karɓar hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike. A Ingila ba kai tsaye ake zubar da ita ba. Sashe na 78 na dokar PACE ya bar wa alƙali ya auna ko karɓarta zai sa shari'ar ta rasa adalci. Matsalar wayar daban ce: mutumin da aka dakatar, wanda ake ganin yana da ƙullin wanda ake zargi, shi kaɗai ya shiga, babu shaida, babu hoto, babu leda. Lauya zai miƙe ya ce shi ya kai wayar gidan, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Abin da za ki rubuta ke nan. Amsa laifin kuwa, da aka samu bayan wa'adi ya ƙare, da wuya ƙwarai ta tsira.

Malamin Adabi ya rubuta:

Abin da malaman nan biyu suka faɗa daidai ne, sai dai ina jin tsoron kada sharhin ya koma takardar gyaran jarrabawa. Mai karatu bai zo neman jerin kurakurai ba, so yake ya san ko littafin ya cancanci lokacinsa.

Ga ma'aunin da zai raba miki kuskuren da ya isa magana da wanda bai isa ba: ki cire shi ki ga ko ginin zai tsaya. Idan DNA ya fito washegari don kawai kada labari ya yi sanyi, kuma da ya fito bayan mako uku ma sakamakon ɗaya ne, ki bar shi, ko ki taɓa shi da jimla guda. Kowane marubuci yana matse lokaci. Amma idan minti 30 ɗin likita shi ne ya wanke mutum biyu ya kama na uku, to a kan ƙarya aka ɗora warwarar labarin, wannan kam sai an faɗa. Kwana biyar ɗin ma haka. Abin takaicin ma shi ne marubucin ya yar da makami mafi kaifi da irin wannan labarin yake da shi. Agogo yana tafiya, saura awa 7, wanda ake zargi ya ƙi magana, ɗakin gwaji bai kira ba, masu gabatar da ƙara sun ce hujja ba ta isa ba. Wannan ya fi dukan tebur sa zuciya bugawa, kuma doka ce ta ba shi kyauta.

Abin da ya raba wannan nau'in da labarin gwanin mai bincike da ke zaune a kujera yana warware ƙulli da kaifin basira shi ne, a nan aiki ne tauraro. Ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida, kallon hoton kyamara na sa'o'i kafin na'urar ta goge shi, neman bayanan waya waɗanda iyakarsu su nuna unguwa ba gida ba, taron safe inda ake raba aiki. Saboda haka ki karanta littafin karo na biyu da takarda a gefe. Duk wata hujja da ta matsar da bincike gaba, ki rubuta shafinta, da wanda ya samo ta, da hanyar da ta zo. In kin gama sai ki ƙirga: nawa ne suka zo ta hanyar aiki, nawa ne suka faɗo daga sama, irin kiran wayar da ba a san mai shi ba, ko mafarki, ko Sufeto ya ci karo da shaida a mashaya. Dace guda ɗaya ana yafe shi, musamman idan shi ya jefa su cikin matsala. Dacen da ya fitar da su daga matsala a babin ƙarshe lalaci ne.

Ba wai dace ba ya faruwa a zahiri ba. Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13 a arewacin Ingila, sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sallamarsa, a ƙarshe lambar mota ta bogi ce ta sa aka kama shi a Sheffield a Janairun 1981. Amma darasin da ke ciki shi ne bayanin yana hannunsu tun tuni, ya nutse ne cikin tulin katunan da ba mai iya haɗa su, ga kuma wani kaset na ƙarya da wani ya aiko yana cewa shi ne makashin, wanda ya karkatar da manyansu. Daga nan aka samar da HOLMES, tsarin kwamfuta na haɗa bayanan manyan bincike, a 1985. Littafin da ya fahimci aikin zai nuna miki irin wannan: sunan mai laifi yana cikin fayil tun shafi na 60, wani ƙaramin ma'aikaci ya rubuta shi, babu wanda ya waiwaya. Ki duba a wane shafi mai laifin ya fara bayyana. Idan sai a kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshe aka jefo shi, an cuci mai karatu. Haka nan idan muna cikin zuciyar Sufeto tun farko, sai a babi na 30 ya ga wani abu a hoto "ya gane komai" aka kuma ɓoye mana abin da ya gani.

Sufeto mashayi wanda aurensa ya mutu, ni ba na ɗaukarsa laifi don kawai an saba da shi. Tambayar ita ce ko shan ya jawo asara a cikin binciken. Ya manta kiran wata shaida? Ya makara har aka goge kyamara? Idan yana kwana da kwalba amma kullum shi ne mai gaskiya, to ado ne aka rataya masa. Dakatarwar kuwa ita ce ta fi damuna, domin daga ranar da ya koma shi kaɗai littafin ya bar nau'in da ya yi alkawari ya koma labarin jarumi. Wannan ya cancanci sakin layi guda a sharhinki.

Maganar tona asiri: ki ba da labari iyakar rubu'in farko, gawar, wurin, masu binciken, da tambayar da ke gabansu. Bayan nan ki yi magana a kan yadda ƙarshen ya yi aiki, ba abin da ya faru ba. Za ki iya cewa warwarar ta dogara ga amsa laifi maimakon hujjar da aka tara, ba tare da kin ce wa ya amsa ba. Kada ki ce "akwai abin mamaki a ƙarshe", wannan ma tonawa ce, mai karatu zai zauna yana jira. Kuma ki kula da yawan layukan da kika ba kowane tauraro, domin ƙaramin tauraron da mai sharhi ya daɗe a kansa ya riga ya nuna shi da yatsa.

Uwar Karatu ta rubuta:

Ba wanda ya taɓa yabon da ke bangon baya, kuma a ganina nan ne sharhin zai fi amfani. Masu talla sun mayar da "ɗaci" yawan jini. Yar'uwa, ki ɗauko takardar nan da Malam ya ce ki ƙara mata lissafi ɗaya: shafi nawa aka ɓata wajen siffanta jikin budurwar a kan teburin likita, shafi nawa aka ba rayuwarta? Mun san aikinta, bashin da ake bin ta, wanda take kira idan ranta ya ɓaci? Idan an kwatanta raunukanta sau huɗu amma mahaifiyarta sau ɗaya ta fito ta yi kuka ta ɓace, to ba gaskiyar aikin ake nunawa ba, gawa ake tallatawa.

Ɗacin da ke cikin aikin a wani wuri yake. Yana wurin jami'ar da aka ɗora wa zama da iyalin mamaciya, tana lallashinsu tana kuma lura da su, domin sau da yawa mai kisan na kusa ne. Yana wurin shaidar da ta ga komai amma ta ƙi magana saboda gobe ma a layin za ta kwana. Yana wurin babban da ya rage ma'aikata daga binciken bayan wata guda don wata gawar ta faɗo. Ki duba ko akwai ɗaya daga cikin waɗannan.

Amsa laifin ma ki tambayi ko littafin ya taɓa shakkarta. A karon farko da aka yi amfani da DNA a binciken kisa, a yankin Leicester a 1986, abin da gwajin masanin kimiyya Alec Jeffreys ya fara yi shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa ɗaya daga cikin kisa biyu da ake bincike. Sai da aka ɗebi samfurin maza kusan 5,000 kafin a kai ga mai laifin, shi ma don ya tura wani ya ba da jini a madadinsa ne maganar ta fito. Idan a littafin naki babu ko mutum ɗaya a cikin tawagar da ya ce anya wanda aka hana barci kwana biyar ba zai amsa komai ba, ki rubuta hakan, ki kuma kawo lambar babin.